Fatar da Baba Ya Wanke

Tun ina yarinya na san babanmu da azumi. Ba na watan Ramadan nake nufi ba, wannan kowa yana yi. Shi duk shekara, da an gama cin naman layya an huta, sai ya ɗauki wata biyu cur a jere, ba ya tsallake ko rana ɗaya. Mun ɗauka tsoron Allah ne kawai ya yi masa yawa, har muna taƙama da shi a unguwa. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ke ƙunƙuni, don ita ke tashi ɗora tukunyar sahur. Ta rasu ba ta san dalili ba. Mu ma sai da ya haura tamanin, ya zo Faransa neman magani, sannan muka ji.

Mu biyu ne 'ya'yansa a ƙasar nan. Ni ce babba, ina Paris, ina tsaron shagon atamfa da leshi a Château Rouge, inda nake yini ina musu da mata a kan launin da ba zai karɓe su ba. Ƙanwata tana Lyon, tana aikin kula da tsofaffi. Ita ce ta kwashe haƙurin gidanmu, ni ranar rabo ba na nan. Shi ya sa da ciwon suga ya taɓa wa Baba ƙoda, wurinta aka sauke shi, kuma kowa ya ce an yi dabara.

Wata rana da hantsi ina cikin auna yadi ƙanwata ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, Baba ya faɗi a falo. Mun kai shi asibiti, ya farfaɗo. Likita ta ce in ya ci gaba da azumin nan, ƙodar za ta tsaya gaba ɗaya. Ta faɗa masa a gabana."

Na ce, "To ai shi ke nan, sai ya aje."

Ta ce, "Yau ma da shi ya tashi."

Na bar wa abokiyar aikina shago, na hau jirgin ƙasa da yamma. Duk tsawon hanya ina shirya faɗan da zan yi masa, har da ayoyin da zan jawo, ni da ba malama ba. Amma da na shiga ɗakin na gan shi, faɗan ya tsere mini. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, wuyansa kuwa ya zama siriri, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Ban taɓa jin tsoron mutuwarsa da gaske ba sai a wannan lokacin.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba. Ya ce, "Uwata, kin zo ki yi mini faɗa ko? Zamna. Ke ma zamna," ya nuna ƙanwata. "Wanga azumi ba nafila ba ne. Kaffara ce."

Muka dubi juna. Kaffarar wata biyu a jere, kowa ya san ta wanda ya kashe rai bisa kuskure ce. Na ce, "Baba, wa ka kashe?"

Ya ce, "Jirgi guda."

Ga abin da ya gaya mana. Kafin mulkin kai, yana saurayi sabon aure, ya samu aikin lebura a filin jirgin garinmu a Nijar. Filin jan ƙasa ne, da rumfa ɗaya da gangunan mai a jere. Jiragen lokacin masu farfela biyu ne, irin waɗanda suka rage bayan yaƙi aka zuba musu kujeru. Ba motar mai, da hannu ake yin komai: a mirgino ganga, a buga famfo, mutum ɗaya ya hau fiffike da mazurari. A bakin mazurarin ana shimfiɗa wata fata mai laushi, mai launin ruwan ƙwai. Aikinta ta bar mai ya wuce, ta riƙe ƙasa da ruwan da ke kwanciya a gindin ganga, don in ruwa ya shiga inji a sama, injin mutuwa yake yi.

Rannan tsohon da ya saba hawa fiffike ba shi da lafiya, aka ce Baba ya hau. Ya ɗauko fatar ya ga ta yi baƙi ƙirin da dauɗa. Shi kuwa ɗan mai koko ne. Ya tashi yana ganin mahaifiyarsa ba ta taɓa tace gasara da tsumma mai dauɗa ba, sai ta wanke shi tas. Sai ya ga ai abin kunya ne a tace man da zai ɗauki mutane sama da wannan ƙazanta. Ya kai ta bakin randa ya wanke da sabulu, ya matse, ya shanya a kan ganga. Kafin ta bushe aka fara yi musu tsawa su yi sauri, jirgi ya makara. Ya ɗauke ta da damshinta ya shimfiɗa a mazurari.

"Ina tsaye ina kallo," in ji shi. "Jirgin ya yi gudu, ya tashi, sai ya ɗaga hanci sama, ya ƙara ɗagawa, kamar mai son tsayawa a kan wutsiya. Sannan ya karkata ya dawo ƙasa. Ba wanda ya fita."

Bayan wasu kwanaki ya ji Baturen makaniki yana zagin wani sabon lebura da ya aje fata kusa da ruwa. Yana cewa fatar nan in ta jiƙe da ruwa ta tashi daga aiki, ruwan ma za ta riƙa bari ya wuce. Nan Baba ya tuna fatar da ya shimfiɗa da damshinta. Waɗanda suka zo bincike daga Faransa ba su tambayi leburori wani abin kirki ba, shi kuma bai buɗe baki ba. Ya bar aikin kafin shekara ta zagayo. Da girma ya fara zuwa, ya tambayi wani malami hukuncin, ya ce labarin wani abokinsa ne. Tun daga nan yake biya, rai ɗaya a shekara in jiki ya ba shi dama.

Bai san sunan ko ɗayansu ba. Da kamanni yake riƙe da su, yadda ya gan su suna hawa tsani: mai gemu da akwatin ƙarfe, matar da iskar farfela ta kusa ɗauke wa hula, sojan da ke ɗingishi. Kowace shekara sai ya ɗauki mutum ɗaya ya sa a gabansa. Ya ce saura uku, matuƙan jirgin biyu da wata tsohuwa 'yar coci mai farin mayafi, kuma ita yake yi wa yanzu. Na ce masa yawancinsu ma ba musulmi ba ne. Ya dube ni da idon da ya sa na ji kunya, ya ce rai dai rai ne.

Washegari muka ɗauko limamin unguwar su ƙanwata, mutumin kirki, ɗan Chadi. Ya zauna ya yi masa bayani da taushi: maras lafiya yana da uzuri, kuma ba a ɗora wa mutum kaffara a kan zato. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya yi godiya, ya sa aka ba shi shayi, shi bai sha ba. Da liman ya fita ya ce, "Malam na da ilimi, amma ba shi ya wanke fatar ba."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Na ce masa wannan kashe kai ne, na ce ya tausaya mana. Ban bar komai ba. Ya bari na gama sannan ya ce, "Uwata, ni ba mutuwa nike tsoro ba. Tsorona in tarar da mutum uku suna jirana."

Ƙanwata ce ta kawo shawarar da ni mai baki ban kawo ba. Ta ce tunda Turawa sun zo bincike, to sun rubuta, kuma mutanen nan ba sa zubar da takarda. Muka tambaye shi: in aka samo takardar, ta ce ba ruwa ne ya kayar da jirgin ba, zai aje? Ya ce zai aje. Na ce to ya dakata har in samo. Ya ce a'a, in ya karya ba dalili sai ya sake daga farko, shi kuwa ba shi da kwanakin sakewa.

Haka na koma Paris da wannan a wuyana. Ban san inda ake neman irin takardar ba. Ofishi na farko suka tura ni na biyu, na biyu suka ce in rubuto wasiƙa. Baba bai riƙe shekara ba, abin da ya sani shi ne farkon damina ne, kuma matarsa ta fari tana da cikin wata biyar. Da wannan na riƙa yawo wurin mutanen da ke son rana da wata da lambar jirgi. Kusan mako uku na yi a haka. Kullum bayan azahar sai ƙanwata ta kira. Yau ya yi jiri, yau fitsarinsa ya ragu, yau sakamakon jini ya fi na makon jiya muni. Na daina iya cin abincin rana. In na ɗauki cokali sai in tuna leɓɓansa.

Akwai wani tsoron kuma da ban gaya wa kowa ba. In takardar ta ce ruwa ne fa? Da hannuna zan kai masa tabbacin abin da yake zato kawai, kuma daga nan ba liman ba likita da zai sa ya sha ko ɗigo. Sau biyu ina tsayawa a bakin tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina cewa in koma shago kawai in ce ban samu ba.

Daga ƙarshe aka ba ni rana a wata ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati a bayan gari. Ɗaki ne babba, shiru, ba a shiga da jaka ko biro, sai fensir. Wata ma'aikaciya mai furfura ta turo mini kwalaye uku a kan amalanke, ta ce rahotannin haɗarin jirage ne na yankinmu a waɗancan shekaru, in duba da kaina. Ban san sun yi yawa haka ba. Wannan ya bugi dutse cikin hazo, wannan inji ya kama wuta, wannan an yi masa lodi fiye da kima, wannan matuƙi ya ɓace hanya mai ya ƙare masa a sahara. Kowace takarda siririya ce, bugun tafireta, kuma a bayan kowace akwai jerin sunaye. Na ci gaba da juya takardun.

A kwali na biyu na ga sunan garinmu. Na rufe, na yi bisimilla, na sake buɗewa. Faransancina na makaranta da kasuwa ne, kalmomin injiniyoyi sun fi ƙarfina, don haka da yatsa na riƙa bin layi ina neman kalmar mai da kalmar ruwa. Na same su a shafi na huɗu. Na karanta sau uku ban yarda da kaina ba, na je na roƙi matar mai furfura ta zo ta karanta mini. Ta sa tabarau ta duba, ta ce abin da na fahimta daidai ne: sun ɗebi mai daga tankin fiffiken da bai ƙone ba, sun ɗeba daga gangunan, sun auna, ba ruwa a ciki. Injinan biyu kuma suna aiki har jirgin ya taɓa ƙasa.

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mutanen ɗakin suka ɗago kai. Kuka nake ina dariya, matar tana ba ni hankici.

Ita ce ta juya shafin ta nuna mini dalilin. Akwai hoto, na wutsiyar jirgin a kwance cikin ciyawa, da wani guntun katako a maƙale, ƙyalle yana reto a jikinsa. Ta yi mini bayani a hankali. In jirgi zai kwana a fili, ana cusa katakon nan a wutsiya ya danne sashen da ke motsi, don kada iska ta yi ta kaɗa shi. Kafin tashi dole a cire. In aka manta, jirgi zai tashi lafiya, amma matuƙi ba zai iya sauke hancinsa ba, zai yi ta hawa har ya kife. Ta ce ba wannan kaɗai ba ne, irin mantuwar nan ta kayar da jirage a wasu ƙasashe ma a zamanin. Rahoton ya ɗora laifi a kan matuƙi, don bai gwada sitiyarinsa ba kafin ya tashi, kuma ya ambaci ma'aikatan ƙasa da ba su cire katakon ba, ba tare da suna ba. A lokacin ko a jikina. Na sa aka yi mini kwafi, na fita da gudu sai tasha.

Mun yi nisa da Paris, ina kallon gonaki ta taga ina shirya yadda zan faɗa masa, sai tambayar ta faɗo mini. Ma'aikatan ƙasa. Su nawa ne a filin da ke da rumfa ɗaya? Tsohon ba shi da lafiya rannan. Baba ya ce ana yi musu tsawa, shi kuma hankalinsa yana kan fatar da ba ta bushe ba. Wa ya saba cire katakon?

Na fito da takardun na sake karantawa, ko zan ga an ce aikin makaniki ne, ko na mataimakin matuƙi. Ba su faɗa ba. Na zare shafin da ke da hoton da wanda ke bayansa, na ninke su na tura can ƙasan jaka. Sauran tafiyar ban san yadda ta wuce ba.

Na isa Lyon bayan la'asar. Yana kwance a doguwar kujera, ƙanwata ta tallafa masa kai da matashi. Ya rame fiye da yadda na bar shi, muryarsa sai an matso ake ji. Na durƙusa na gaishe shi, na sa takardun a hannunsa. Ba ya karatun boko, amma ya shafa su, ya dubi hatimin.

Na ce, "Baba, sun auna man. Na cikin jirgi da na ganga. Babu ruwa."

Ya dube ni. Ya ce, "Uwata, kin san inda za ni. Kada ki yi mini ƙarya don tausayi. Rantse."

Na ce, "Wallahi tallahi babu ruwa a man nan. Injinan suna aiki har ya faɗi. Ga ta nan, ta karanta maka." Na miƙa wa ƙanwata shafi na huɗu, ta karanta ta fassara masa.

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ban taɓa ganin kukan babana ba sai rannan, kuma ba shi da sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Da ya lafa ya ce, "To mi ya kada shi?"

Tun a jirgin ƙasa nake jiran wannan tambayar. Na ce, "Sun ce laifin matuƙin ne. Bai duba jirginsa ba kafin ya tashi."

Ba ƙarya na yi ba, haka aka rubuta. Ya girgiza kai ya ce Allah ya gafarta masa, yaro ne mai fara'a. Sannan ya dubi taga, rana tana nan ba ta faɗi ba, ya ce, "Ku ba ni ruwa."

Ƙanwata ta kawo kofi tana kuka. Ya yi bisimilla ya sha, muna jin yadda yake wucewa a maƙogwaronsa. Ta ruga kicin ta ɗumamo romon kaza, ta zuba 'yar shinkafa a ciki. Ni na karɓi kwanon na zauna a gabansa ina ba shi, don hannunsa ba ya riƙe cokali sosai. Cokali biyar, shida, sai ga ido ya buɗe, baki ya buɗe. Mutumin da ya yi shekara sittin bai ambaci filin jirgi ba sai a 'yan makonnin nan, ya shiga ba mu labarinsa kamar jiya ya baro shi. Yadda suke mirgina ganga da ƙafa, yadda iskar farfela ke cire wa mutane rawani, yadda matan gari ke zuwa kallo da yara a baya. Ƙanwata tana dariya tana share hawaye, tana ce masa ashe Baba babban ma'aikaci ne.

Ya ce, "Ke dai bari. Baturen makanikin nan ya yarda da ni ƙwarai. Akwai wani katako mai jan ƙyalle da ake sa wa jirgi a wutsiya in zai kwana. Ni ka sa shi da marece, ni ka cire shi da safe. Ba ya barin kowa shi taɓa sai ni."

Cokalin yana hannuna a cike. Ƙanwata ba ta ga hoton ba, don haka ta ci gaba da dariyarta. Ni kuwa na gan shi. Na zuba masa ido ina jiran in ga ko maganar da ta fito daga bakinsa za ta koma ta taɓa wani abu a kansa, ko zai tsaya ya tuna safiyar nan, da tsawar da ake yi musu, da inda ƙafafunsa suka je da inda ba su je ba. Fuskarsa a sake take, irin sakewar da ban taɓa gani a kanta ba tun haihuwata. Shekara sittin hankalinsa yana kan ruwa, bai taɓa waiwayar wutsiya ba. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na ranar da Baba ya faɗi a falo, ya fi na ɗakin takardu, don yanzu kalma ɗaya daga bakina ko tunani ɗaya daga kansa ya isa ya ture kwanon nan, kuma in ya ture ba zai sake karɓa ba.

Ya lura hannuna ya tsaya. Ya ce, "Uwata, lafiya? Kin yi shiru, ba halinki ba ne."

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Buɗe bakinka, kada ya huce."